Sai Ranar Tafiya

Ruwa muka sauka nema, ana dab da magariba. Taswirar da ke wayar mijina ta nuna akwai ƙorama a gindin tudun, mu kuwa robobinmu sun ƙafe tun la'asar. Shi yana gaba da sandunansa biyu, ni ina baya ina mita. Muna cikin duwatsun arewacin Guangzhou ne, can bayan Conghua, inda motar haya take sauke mutum ta juya abinta.

Zayyad sunan mijin nawa. Aikinsa a Xiaobei, unguwar da muke zaune a Guangzhou, tura kaya ne: ɗan kasuwa ya sayi hajarsa, shi ya tara ta a sito, ya loda a kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Nansha ko ya bi da ita ta jirgin sama zuwa Kano. Likita ne ya ce ya riƙa tafiyar ƙasa saboda sukari. Mutumin da aka ce ya zaga unguwa, sai ya wuce gona da iri, ya faɗa hannun wasu Sinawa masu hawan dutse. Ya dawo mini da sabuwar aƙida, wai duk abin da za ka goya na kwanaki sai ka san nauyinsa.

Sikelin da nake auna fulawa ya ɗauke. Ya datse wa buroshin haƙori mariƙi. Ya cire 'yan ƙyallayen da ke manne a wuyan riguna. Tantin da ya sayo a unguwar Liwan, in an naɗe shi bai fi curin burodi ba, ga shi shara-shara kamar ledar ƙosai. Risho ɗan mitsitsi, tukunya ɗaya ita ce kofi ita ce kwano. Guzuri kuwa kilishi ne da dabino da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, an ƙulla na kowace rana daban. Buta ya ce ba ta zuwa, robar ruwan sha ta isa alwala. Har mayafina ya ɗora a sikeli, ya tambaye ni ko akwai wanda ya fi shi sauƙi. Na ce akwai, sai dai ya auro mai shi.

Da hutun Sinawa na Oktoba ya zo, kasuwanni suka rufe, ya ce zai bi tsohuwar hanyar kan tudu, tafiyar kusan mako. Na ce ba zan zauna ina zullumin sukarinsa ya faɗi a inda babu kowa ba. Muka kai 'yarmu Maijidda wajen maƙwabciyata Ramatou, na ɗauki tawa jakar. Abu ɗaya ba zan ƙwace masa ba: ya iya tsari. Ya san inda ruwa yake, inda za mu kwana kowace rana, da ƙauyen da za mu sauka in abu ya ɓaci. Jakarsa ko rabi ba ta cika ba, kuma da wannan yake cika mini kunne tun da muka baro gida.

Gangaren ya shigar da mu kurmin gora. Dogaye ne, sun haɗe a sama, haske yana ɗigowa kaɗan-kaɗan. Ƙasa a jiƙe take, tana warin ruɓaɓɓen ganye. In iska ta taɓa gorar sai ta yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Mun fara jin ruwan tun kafin mu gan shi.

"Sannunku da hanya."

Na tsaya cak. Da Hausa aka yi maganar, Hausa tsantsa, a wurin da tun safe ko Basine ɗaya ba mu haɗu da shi ba.

Tsoho ne zaune a kan dutse a bakin ƙoramar. Rawani ya ci rabin fuskarsa, rigarsa launin ƙasa. Babu jaka, babu sanda, babu takalmi. Mu taɓo ya yi mana safa har idon sawu, shi ƙafarsa fes.

Duk wanda ya zauna a ƙasar wasu ya san abin da jin harshen gida yake yi wa mutum. Zayyad ya washe baki, ya yi sallama, ya rusuna.

"Yauwa," in ji tsohon.

Iyakar amsarsa ke nan. Na lura, amma na ce a raina ko tsufa ne.

"Ikon Allah. Baba, me ya kawo ka nan?"

"Kaya na biyo. Wanda na biyo bai koma gida ba." Ya ɗaga haɓa wajen bayan Zayyad. "Na ga jakarka da wuri."

"Wuri kam akwai, Baba. Ai gwanintar ke nan."

"To saƙo gare ni. Ka kai mini gida."

Ya miƙo wani ɗan ƙulli a tsumman saƙi, bai fi dunƙulen hannu ba. A ofis Zayyad ba ya karɓar ko allura sai an kwance ya gani, an gaya masa sunan mai karɓa da lambarsa. Amma saƙon hannu daban ne a wajenmu. Mai tafiya gida ba ya cewa a'a, balle ga dattijo, balle a baƙon wuri. Na ga kunya ta kama shi. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya jinjina a tafinsa yadda ya saba yi wa komai.

"Wannan ai ba shi da nauyi ko kaɗan. Wa zan ba wa?"

"In ka isa za a karɓa."

Na mintsine shi a gwiwar hannu. Bai kula ni ba.

"Shi ke nan, Baba. Na karɓa, amana."

Ya zuge jaka ya jefa, ya mayar da ita baya, ya ɗaure maɗaurin ƙirji da na ƙugu. Ni kuma na durƙusa ina tace ruwa a robobi, raina a ɓace. Da na ɗago, dutsen babu kowa. Gansakukar da ke kansa ko lotsawa ba ta yi ba.

"Ina ya yi?"

"Yanzu yake nan," Zayyad ya ce a hankali. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Mu hau, Abban Maijidda. Ba zan yi salla a nan ba."

Muka kama hanyar da muka sauko. Gyare sun yi shiru. Babu abin da ake ji sai ƙarar gora da numfashinmu. Can na fara jin wata ƙarar, ƙii, ƙii, a duk takun da ya yi. Igiyoyin jakarsa ne suke miƙewa.

"Maman Maijidda, me kika ƙara mini a jaka?"

"Ni da ka hana ni ɗaukar man shafawa?"

Bai yi dariya ba. Gumi ya jiƙe masa ƙeya. Ya fara dogara sandunan da ƙarfi, tsininsu yana nutsewa a ƙasa. Muka hau, muka hau, hanyar ta yi kwana, sai ga ƙarar ruwa a gabanmu.

Ƙoramar ce. Ga dutsen. Ga sawun gwiwata inda na durƙusa.

Ya ciro waya. Ɗigon da ke nuna inda muke yana ta juyawa a wuri ɗaya. Muka ɗauki wata hanyar, ta hagu, wadda ya ce tana sauka ƙauyen da ya tanada saboda irin wannan. Muka sake fitowa bakin dutsen.

A nan na lura da hasken. Tun da muka sauko rana ta faɗi, ya kamata a ce duhu ya rufe. Bai rufe ba. Wannan ja-ja-ja na almuru yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba.

"Sauke jakar," na raɗa masa. "Ciro abin nan ka ajiye masa a kan dutsensa."

Ya danna maɗaurin ƙirji. Bai buɗe ba. Ya danna na ƙugu. Na sa hannuna biyu na matse har farcena ya karye. 'Yar robar nan da Maijidda take buɗewa da wasa ta zama kamar an narka ta. Na zagaya baya zan zuge jakar, zif ɗin ya ƙi motsi.

Jakar ta cika.

Ita da na gani da idona a saɓule, rabinta iska, yanzu ta yi tim, ɗinkinta yana baje haƙora. Na ɗora tafina a kai. Da ɗumi. Ta kumbura a hankali, ta sauka, ta sake kumbura.

Numfashi take yi.

"Wuƙa," na ce.

"Ban ɗauko ba. Akwai rabin reza a aljihun jakarki."

Wuƙar ma nauyi ta yi masa. Na laluɓo rezar, na kama igiyar kafaɗa ina gurzawa. Irin zaren nan ne da ya yi ta yi mini kurin cewa ko mota zai ja. Ya yi gaskiya. Rezar ta karye, ta yanke ni a yatsa, igiyar ko gezau.

Ya faɗi a kan gwiwoyinsa. Sanda ɗaya ta lanƙwashe, ta karye.

Wani wari ya taso daga jakar. Ba na kurmin ba ne. Warin tsohon ɗakin ƙasa ne da aka daɗe ba a buɗe ba, da hayaƙin kara, da busasshen goro. Warin gida ne, kuma ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamarsa ba.

Na karanta duk abin da na iya. Na tofa masa, na tofa wa kaina. Gorar ta daina kuka. Cikin shirun nan aka yi magana da muryar tsohon, daga bayan wuyan Zayyad, dab da kunnensa.

"Karanta, 'yata. Ban zo da zalunci ba. Da hannu biyu ya karɓa."

Zayyad ya runtse ido.

"Tashi, ɗana. Mu tafi gida."

"Wane gidan?" Muryata ce, amma da ƙyar na gane ta.

"Inda aka binne cibiyarsa. Akwai tsohuwa a ɗakin gabas. A ɗakinta zan sauka."

Inna ke nan, mahaifiyarsa. Ita kaɗai ce a ɗakin gabas na gidansu a Kano, tun rasuwar Malam, mahaifinsa. Ba wanda ya ambaci sunanta ko ɗakinta a wannan dajin.

"A'a," Zayyad ya ce. "Ban da Inna."

Jakar ta danna shi ƙasa. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙirjinsa. Fuskarsa ta nutse a ruɓaɓɓen ganye, na tallafo kansa don ya sami iska. Jini yana bin hancinsa.

"Ka ce amana."

"Na fasa."

Ta ƙara dannawa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta lotsa.

"Ce masa to," na raɗa. "Don Allah ce masa to, mu fita tukuna."

Ya girgiza kai a cikin hannuna. Na san mijina. Mutumin da ba ya iya ce wa baƙo a'a, yau ya sami abin da zai mutu a kai.

"Tafi, Mas'uda," ya ce mini. "Saboda Maijidda."

Leɓensa ya fara yin baƙi.

Na kama jakar na ja. Kamar in ja dutsen.

Na yi ihu. Gorar ta haɗiye.

Numfashinsa ya koma ɗaya-ɗaya.

Ban san daga inda maganar ta zo mini ba, sai dai magana ce da bakina ya saba da ita. Gidanmu na Xiaobei ɗaki biyu ne. Da zarar an ji Zayyad zai je Kano, mutane suke fara sallama da ƙulle-ƙulle tun saura wata guda, ni ce kuma mai tare su a ƙofa. Na share fuskata, na daidaita murya yadda nake yi wa matan unguwa.

"Baba, kai babba ne, ka san ƙa'ida. Ba a kawo wa mutum saƙo sai ya ɗaura niyyar tafiya. Wannan ba gida ya nufa ba, yawon dutse ya fito. Ko tikiti bai yanka ba."

Jakar ta tsaya da numfashi.

"Ba mu da wurin ajiya. Ka riƙe kayanka a hannunka. Ranar da zai tafi gida, ka kawo."

Ruwan ƙoramar ma na daina jin sa.

"Ranar tafiya," muryar ta ce, tana jan kalmar.

"Ranar tafiya."

"Ya faɗa da bakinsa."

Na sunkuya kan Zayyad. "Faɗa. Ba yau ba ne. Faɗa kawai."

Ya dube ni. Na ga ya gane abin da ni ban tsaya na gane ba. Leɓensa ya motsa.

"Sai... ranar tafiya."

Ƙas. Ƙas. Maɗauran biyu suka buɗe da kansu.

Duhu ya faɗo gaba ɗaya, kamar an kashe fitila. Gyare suka ɓarke da kuka. Na zare hannayensa daga igiyoyin, na kunna tocilar goshina, na sa kafaɗata a hammatarsa. Ban waiwaya ba. A bayanmu na ji ana zuge zif a hankali, ba gaggawa.

Wannan karon hanyar hagu ta sauka. Muka faɗi, muka tashi, gora tana yankar mana fuska. Da muka ga kwalta na zube a kai ina kuka. Wani manomi mai babur mai ƙafa uku ya tsaya, ya haska mu, ya nuna bayan Zayyad yana tambayar ina kayansa.

"Mayo," Zayyad ya ce masa da Sinanci. Babu.

A asibiti suka ce haƙarƙari biyu sun tsage, suka tambaya ko itace ne ya faɗo masa. Muka ce e. Shatin igiyoyin yana kafaɗarsa har yau, baƙi, ba ya gogewa. Bai sake hawan dutse ba. Tantin da rishon da sauran tarkacen suna can inda muka bar su, kuma ko sau ɗaya bai yi zancensu ba.

Mun yi addu'a, mun sa an yi. Da shekara ta zagayo muka ce ai abin ya wuce. Inna ta kwanta ciwo, ya yanki tikiti. Da safen ranar, akwati a ɗaure, mota tana jira a ƙasa, sai warin tsohon ɗakin nan ya cika mana falo. Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

"Sannunku da shiri."

Maijidda ta tashi za ta buɗe, na fizgo ta. Zayyad ya zauna a kan akwatin, ya ciro waya, ya soke tikitin. Muka ji takun ƙafa mara takalmi yana sauka a bene, warin ya bi shi.

Tun daga ranar bai sake gwadawa ba. Kullum yana loda kayan mutane zuwa Kano, shi yana nan. Mun so mu kawo Inna, likita ya ce jikinta ba zai ɗauki jirgi ba. Ni da Maijidda muke zuwa. Dangi suna cewa na mallake shi, wasu su ce kuɗin China ne suka sa ya manta da uwarsa. Ina ji ina haɗiyewa, don ya hana ni faɗa. Ya ce ya san Inna: in ta ji gaskiya cewa za ta yi ya taho da abin, ita tsohuwa ce, ta gama cin zamaninta.

Ban yi nadamar abin da na faɗa a bakin ƙoramar nan ba. Da ban faɗa ba, gawarsa zan bari a kurmi. Amma duk sanda na ga ya tsaya a ƙofar filin jirgi yana ɗaga mana hannu, sai in ji zuciyata kamar ta tsage.

Zuwan da na yi na ƙarshe, Inna ba ta gani sosai. Da na je sallama ta laluɓo hannuna ta riƙe.

"Mas'uda, tsakaninki da Allah, me na yi wa Zayyad?"

"Ba ki yi masa komai ba, Inna. Aiki ne."

"To ki gaya masa, in wani abu na yi masa yana yaro da ban sani ba, ya yafe mini. Ba na son tsaraba. Ya zo in shafa kansa kawai."

Na riƙe maganar tun daga Kano har Guangzhou, ina tunanin ko in binne ta. Ya tare mu a filin jirgi, ya karɓi akwatina, ya tambayi jikin Inna. A cikin mota, Maijidda ta yi barci a cinyarsa, na gaya masa yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba.

Ya juya fuskarsa wajen taga, ya toshe bakinsa da hannu don kada yarinyar ta farka, ya yi ta kuka har muka iso Xiaobei.